Muhawara: yadda mabiyiya ke taɓa jijiyoyin jinin uwa tun kafin jini ya hau

Sista Rabi: Assalamu alaikum, barkanmu da yamma. Tambaya gare ni ga likitocinmu na wannan zaure. Kowane littafi ka buɗe zai ce maka fri'eklamsiya, wato ciwon hawan jinin masu ciki da kan kai ga jijjiga, ciwon mabiyiya ne. To amma duk abin da muke aunawa a ɗakin awo na jikin uwa ne: jini ya kai 140/90 bayan sati 20, furotin a fitsari, ciwon kai, fuska ta kumbura. Ina ruwan mabiyiya da ƙodar uwa da ƙwaƙwalwarta? Sannan me ya sa ake ta nanata a fara asfirin kafin sati 16, alhali jinin ba ya hawa sai ciki ya tsufa?

Dakta Auwal: Wa alaikumus salam Sista. Tambayoyin nan biyu tushensu ɗaya, kuma sai mun koma watanni huɗun farko na ciki.

A bangon mahaifa akwai ƙananan jijiyoyin jini masu murɗewa kamar igiya, su ke kawo jinin uwa gurbin da mabiyiya za ta zauna. Sun kai ɗari ko fiye a gurbin. Idan babu ciki sirara ne, bangonsu na da tsoka da zare mai talewa, suna tsukewa suna saki bisa umarnin jikin uwa. Da ciki ya kama, wasu ƙwayoyin halitta na mabiyiya da ake kira trofoblas sukan baro ta su kutsa cikin naman uwa. Hanya biyu suke bi. Wasu ta cikin naman mahaifa, su kewaye jijiyar ta waje. Wasu su shiga ta bakin jijiyar su yi ta hawa, suna fuskantar jinin da ke gangarowa. Aikinsu shi ne su rushe tsokar bangon da zaren nan, su maye gurbinsu da wani abu mai laushi wanda ba ya tsukewa. Kuma ba a shimfiɗar sama ta mahaifa suke tsayawa ba, sai sun ci kashi ɗaya cikin uku na tsokar mahaifar. Yawancin aikin yakan kammala wajen sati 18 zuwa 20.

In ya yi kyau, bakin jijiyar ya buɗe kamar mazurari, ya ninka faɗinsa wajen sau huɗu, kuma ya daina jin umarnin tsukewa. A fri'eklamsiya, musamman mai zuwa da wuri, aikin ne ke tsayawa a rabi: sashen sama ya gyaru, sashen da ke cikin tsoka yana nan da tsokarsa. Brosens da abokan aikinsa ne suka nuna haka a 1972, da suka duba naman gurbin mabiyiya a madubin likita.

Sista Rabi: Ke nan jinin da ke isa mabiyiya ne ya yi kaɗan, Dakta?

Dakta Maryam: Bari in shigo nan, don wannan fahimtar ce ta fi yawo, kuma rabin labarin ce. Ba yawan jinin kaɗai ba ne, har da irin zuwan da yake yi. Duk wanda ya ga ban-ruwa a Kadawa ya sani manomi ba ya ɗora bakin tiyon inji kai tsaye a kan dashen tumatir. Sai ya bar ruwan ya bi kwari, ya huce, ya kwanta a gindin shuka. Aikin mazurarin da Dakta Auwal ya faɗa ke nan. Burton da abokansa a Kambirij sun lissafa a 2009 cewa jijiyar da ta gyaru tana zuba jini cikin mabiyiya da gudun kimanin santimita 10 a daƙiƙa. Wadda ba ta gyaru ba kuwa mita 1 zuwa 2 a daƙiƙa, feshi ke nan. Rassan mabiyiya masu laushi ne ƙwarai, feshin yana yayyaga su.

Na biyu, tun da tsokar tana nan, jijiyar tana iya tsukewa ta saki. Jini ya yanke, ya dawo, ya yanke, ya dawo. Wannan dawowar iskar oksijin bayan yankewa tana ƙona ƙwayoyin halitta fiye da a ce ƙarancin ne kawai a tsaye.

Akwai kuma wani abu da mutane ke mamaki in sun ji. A makonnin farko, trofoblas ɗin da suka shiga jijiyar toshe bakinta suke yi da gangan. Har wajen sati 10 zuwa 12 jinin uwa bai cika shiga mabiyiya sosai ba, ɗan tayi na rayuwa ne da abin da ƙullutun bangon mahaifa ke tsattsafowa. An auna ƙarfin oksijin a mabiyiya: ƙasa da 20 a sati 8, sama da 50 a sati 12, a ma'aunin da muke auna hawan jini da shi. In toshiyar ta buɗe tun lokaci bai yi ba, mabiyiyar ba ta shirya wa oksijin ba, ta sami rauni tun daga tushe.

Malam Nura: Ni ta ɓangaren ɗakin gwaji zan ɗora, don a nan ne amsar tambayar Sista ta farko take, wato ina ruwan mabiyiya da ƙoda.

Kowace jijiyar jini a jikin mutum tana da daɓe ta ciki, shimfiɗa ɗaya ta ƙwayoyin halitta, endotiliyam. Daɓen nan ne ke fitar da sinadaran da ke sa jijiya ta saki, shi ke hana jini daskarewa a hanya, shi ke hana ruwa yoyo zuwa cikin nama. Yana buƙatar abinci guda biyu a jini don ya zauna lafiya, VEGF da PlGF. Mabiyiyar da ta wahala tana zubo wani furotin cikin jinin uwa mai suna sFlt-1. Shi wannan guntun maƙallin VEGF ne, wato wurin da VEGF ke maƙalewa a jikin ƙwayar halitta, da ya tsinke yana yawo, sai ya riƙa kama VEGF da PlGF a hanya kafin su isa daɓen. Maynard da Karumanchi a Boston suka bayyana haka a 2003, har suka sa wa ɓeraye masu ciki shi, jininsu ya hau, furotin ya fito a fitsarinsu. A 2004 Levine ya nuna yana fara hawa a jinin mace kimanin sati biyar kafin alamomi su fito. A 2006 aka gano ɗan'uwansa, endogilin mai yawo, wanda in sun haɗu ciwon ya fi muni. Ban da su, akwai ɓarɓashin fatar mabiyiya da ke zubowa cikin jini yana tayar da garkuwar jikin uwa.

Yanzu ki bi jikin gaɓa-gaɓa. A ƙoda, daɓen matatar jini na da ƙananan huji da VEGF ke riƙe da su. Ya yanke, ƙwayoyin suka kumbura, matatar ta lalace, furotin ya zube a fitsari. A sauran jiki jijiyoyi sun tsuke, jini ya hau. Daɓen na yoyo, fuska da hannu suka kumbura. A hanta ƙananan jijiyoyi sun toshe, ga ciwon ƙasan haƙarƙarin dama da mai ciki za ta ce miki gyambon ciki ne. Filetlet, wato ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, na maƙalewa a daɓen da ya kwaile, adadinsu ya faɗi ƙasa da 100,000. A ƙwaƙwalwa ruwa ya tsattsafo, musamman ta ƙeya inda cibiyar gani take, shi ya sa za ta ce tana ganin walƙiya ko hazo kafin jijjiga.

Sista Rabi: Allah ya saka da alheri Malam. Yanzu na ga zaren. Ana yin gwajin sFlt-1 ɗin nan ne a aikace?

Malam Nura: Ana yi a inda ake da injin da kayan aikin. Ana lissafa ninki nawa sFlt-1 ya yi wa PlGF a jini, in sakamakon 38 ne ko ƙasa, da wuya ƙwarai ciwon ya bayyana cikin mako guda. Amfaninsa ya fi yawa wajen kwantar da hankali a sallami mace gida. Amma yana da tsada, kuma ba abin da ƙaramin asibitin unguwa zai jira ba ne. Na'urar awon jini mai kyau da tsinken gwajin fitsari sun fi mana amfani nesa ba kusa ba. Sharaɗi dai a auna daidai: tana zaune, ta huta minti biyar, hannu daidai da ƙirji, maɗauri daidai da kaurin damtse. Ƙaramin maɗauri a babban damtse ƙarya yake bayarwa, ya nuna jini ya hau alhali bai hau ba. Fitsarin kuma na tsakiya, don ruwan gaba ko jini na iya nuna furotin.

Dakta Kabiru: Ina da ja a kan yadda aka tsara maganar, da girmamawa ga manyana. An yi bayani kamar duk fri'eklamsiya daga gazawar trofoblas take. Wannan ya dace da mai zuwa kafin sati 34, wadda jaririnta ke tsumburewa, mabiyiyarta ƙarama mai tabon matattun wurare. Amma mafi yawan masu ciwon bayan sati 34 yake kama su, da yawa ma dab da naƙuda. Jariransu galibi ba su tsumbure ba, sikanin Dofla, mai auna gudun jini, na jijiyar mahaifa a sati 20 zuwa 24 lafiya lau. To ina gazawar?

Dakta Auwal: Gaskiyarka Dakta Kabiru, kuma Redman na Okusfod, wanda ya yi fice da bayanin matakai biyu, wato mabiyiya ta fara samun matsala sannan jikin uwa ya kamu, shi da kansa ya gyara maganar daga baya. A mai zuwa a makare, jijiyoyin sun gyaru, amma mabiyiyar ta girma ta cika gurbinta, rassanta sun cunkushe, jinin uwa na wahalar ratsawa. Ƙarshenta dai guda ne: fatar mabiyiya ta wahala, sFlt-1 ya hau. Hanyar isowa ce ta bambanta. Ai shi ya sa cikin tagwaye ya fi haɗari, mabiyiya ta yi yawa.

Dakta Kabiru: Na yarda, amma a ƙara da jikin uwar. Mai ƙiba, mai ciwon suga, mai tsohon hawan jini, mai ciwon ƙoda, mai sikila, daɓen jijiyarta da ma a gajiye yake. Ɗan abin da wata za ta ɗauka ba ta ji ba, ita ya kayar da ita. Har akwai masu ganin zuciyar uwa ce ke fara gazawa wajen ɗaukar nauyin ciki, mabiyiya ta biyo baya.

Dakta Maryam: Wannan ra'ayin na zuciya yana da masu goyon baya, amma ni ban ga ya ture mabiyiya daga tsakiyar fage ba. Hujja biyu. Cikin da babu ɗa sai tarin ƙulle-ƙulle kamar inabi, shi ne ke iya kawo fri'eklamsiya tun kafin sati 20, kuma mai tsanani. Babu jariri, trofoblas ne zalla. Sannan ba a taɓa warkewa ba sai mabiyiya ta fita. Jikin uwa shi ke yanke wa za ta faɗi da wuri, amma abin da ke tura ta daga mabiyiya yake fitowa.

Sista Hadiza: Dakta Maryam, to me ya sa 'yan cikin fari suka fi yawa a ɗakin masu jijjiga? Kuma ana cewa wadda ta sake miji haɗarin na dawo mata.

Dakta Maryam: Trofoblas rabinsa na uba ne, baƙo ne a jikin uwa. A bangon mahaifa akwai wasu ƙwayoyin garkuwa na musamman, NK na mahaifa, su ne kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin garkuwar wurin a farkon ciki. Ba yaƙar baƙon suke ba, tarbarsa suke yi: su ke fara sassauta bangon jijiyar kafin ya iso, su ke ba shi izinin zurfin da zai kai. Suna gane shi ne da wata alama da ke jikinsa, HLA-C. Moffett da Hiby sun nuna a 2004 cewa in ƙwayoyin NK na uwa na da wani nau'in maƙalli, ɗan kuma ya gaji wani nau'in alamar, tarbar ba ta yin armashi, haɗarin ya ƙaru. Nakimuli ta Jami'ar Makerere ta yi irin binciken a matan Yuganda, ta sami wani nau'in gado mai kariya wanda ya bambanta da na Turawa. Ana ganin cikin farko shi ne karon farko da mahaifa ke koyon wannan tarbar. Maganar sabon miji kuwa akwai ta, sai dai tazara mai tsawo tsakanin haihuwa, kamar shekara goma, ita ma tana dawo da haɗarin ko da miji bai canja ba, don haka abubuwan biyu sun cakuɗe.

Kada kuma mu manta zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar na taruwa a mabiyiya, musamman a cikin fari, kuma an ga sFlt-1 na hawa a masu irin wannan a Tanzaniya. Gidan sauro da maganin rigakafin da ake bayarwa a awo daga wata na huɗu suna cikin kare mabiyiya.

Famasis Aminu: Saura tambayar asfirin. Ƙaramin awo na asfirin yana kashe wani sinadari a cikin filetlet wanda ke ƙera tromboksen, mai tsuke jijiya da haɗa gudan jini. Filetlet ba ya iya sake ƙera sinadarin har ya mutu, kwana 7 zuwa 10. Daɓen jijiya kuwa yana sabunta nasa, don haka ya ci gaba da fitar da frostasaikilin mai sa jijiya ta saki. Ma'auni ya karkata ke nan zuwa sakin jijiya. Tun da gyaran jijiyoyin mahaifa na ƙarewa wajen sati 18 zuwa 20, wanda ya fara a sati 28 ya zo bayan an tashi kasuwa. Babban gwajin ASPRE na 2017 ya ba da miligiram 150 kowane dare daga sati 11 zuwa 14 har sati 36, fri'eklamsiyar da ke tilasta haihuwa kafin sati 37 ta ragu da kashi 62 cikin ɗari. A kan mai zuwa a ƙarshen ciki kuwa bai yi wani tasiri ba, wanda ya ƙarfafa maganar Dakta Kabiru cewa hanyoyin biyu ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan miligiram 75 ga masu haɗari. Ƙwayar 75 ce a kasuwarmu, mai son 150 sai ya ba da biyu. Abin da ba a so shi ne a ba ta ta 300 ɗin ciwon kai. Wa ake ba? Wadda ta taɓa yin ciwon a cikin baya, mai tsohon hawan jini, mai suga, mai ciwon ƙoda, mai tagwaye.

Sai kalsiyam. Inda abinci ke da ƙarancinsa, shawarar hukumar giram 1.5 zuwa 2 ne a rana, a raba uku. Gwaje-gwajen Indiya da Tanzaniya da aka buga a 2024 sun nuna miligiram 500 a rana bai gaza 1,500 ba wajen fri'eklamsiya. A raba shi da ƙwayar ƙarin jini da 'yan awanni, don yana hana jiki tsotse ta.

Sista Hadiza: Matsalar ke nan Malam Aminu. Mata da yawa a Kano ba sa zuwa awo sai ciki ya fito, wata biyar ko shida. 'Yar cikin fari ma kunya ke hana ta faɗa. Lokacin asfirin ya wuce kafin a buɗe mata kati. Ina ganin wurin kama su shi ne ranar sallama bayan haihuwa da ranar rigakafin yara. Duk wadda ta yi hawan jini ko jijjiga a wannan cikin a gaya mata, a gaya wa mijinta da uwarta, a rubuta mata a kati: in ta ga batan wata biyu ta zo, kada ta jira motsi.

Dakta Auwal: Wannan shawarar ta fi duk abin da muka faɗa amfani, Sista. Wadda ta zo a sati 18 ko 20 ma a fara mata, kada a ce an makara a ƙyale ta.

Sista Rabi: In ciwon ya riga ya zo fa? Ana yawan ganin an saukar da jini da magani an ce ta warke.

Dakta Kabiru: Ba ta warke ba. Maganin hawan jini na kare ƙwaƙwalwarta ne daga fashewar jijiya, amma mabiyiya na nan tana zubo abin da take zubowa. In jini ya kai 160/110, a sauke shi cikin awa guda: nifedifin miligiram 10 ta haɗiye, a sake awo bayan minti 30, ko haidralazin miligiram 5 ta jijiya a hankali, ko labetalol miligiram 20 ta jijiya in ba ta da asma. Kada a faɗar da shi warwas. Jinin da ke ratsa tsukakkun jijiyoyin nan da ƙarfin bugu yake ratsawa, in ya faɗi ƙasa sosai jariri ne zai ji a jikinsa. A nufi wajen 140/90 ko ƙasa kaɗan.

Kuskure mafi haɗari shi ne ƙarin ruwa. An ga fitsari ya ragu, sai a buɗe leda biyu a guje. Daɓen jijiyarta yoyo yake, ruwan a huhu zai taru. Mililita 80 a awa gaba ɗaya, sai in jini take zubarwa. Bayan haihuwa kuma, a cikin alluran tsuke mahaifa, oksitosin za a yi mata, ban da ergometrin, don yana tsuke jijiya ya harba jini sama.

Sista Hadiza: A ƙara da haɗin magnesiyam salfet, allurar hana jijjiga, don sababbin ma'aikata. Kwalbar kashi 50 mai mililita 10 giram 5 ce. A zuƙi mililita 8, giram 4 ke nan, a ƙara ruwan allura mililita 12, ya zama kashi 20, a tura ta jijiya a hankali, kada a gaza minti 5. Sai giram 5 a kowane ɗuwawu, can cikin tsoka, tare da mililita 1 na lignoken kashi 2, maganin kashe zafin allura. Daga nan giram 5 duk awa huɗu, ana sauya gefe, har awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjigar ƙarshe. Kafin kowace allura a duba uku: numfashi 16 ko fiye a minti, gwiwa na harbawa, fitsari mililita 30 a awa. Ɗaya ya gaza, a dakata. Kalsiyam gulukonet giram 1 ya kasance a kusa, shi ne makarinsa. Ƙaramin asibiti ya yi allurar farko tukuna kafin ya tura ta asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, kada a ɗora ta a Adaidaita Sahu haka nan.

Dakta Maryam: Kuma an ga amfaninsa a nan gida. Da aka shigar da shi asibitoci 10 na jihar Kano a 2008 tare da horar da ma'aikata, mace-macen masu tsananin ciwon ya sauko daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa ƙasa da 3.

Lokacin haihuwa: sati 37 ko da ciwon bai tsananta ba, sati 34 in ya tsananta, kuma a kowane sati in jijjiga ta zo, ko filetlet na zubewa, ko huhu ya ɗau ruwa, ko mabiyiya ta ɓalle.

Sista Rabi: Tambaya ta ƙarshe. In mabiyiya ce tushe, yaya ake samun jijjiga bayan ta fita, har mace na jego?

Dakta Auwal: sFlt-1 na faɗuwa cikin 'yan kwanaki, amma daɓen da ya raunata ba ya gyaruwa da sauri haka. Ga kuma ruwan da ya taru a nama yana komawa cikin jijiya, shi ya sa jini ya fi hawa tsakanin kwana 3 da 6 bayan haihuwa, daidai lokacin da ta koma gida ana shirin suna. A wannan makon ne kuma ake dama mata kunun kanwa, kanwa kuwa gishiri ce mai riƙe ruwa. Mai jegon da ta yi hawan jini a ɗaga mata kanwar, a guji magungunan ciwon jiki irin su diklofenak in ƙodarta ta taɓu ko jinin ya ƙi sauka, a auna ta kafin sallama, ta dawo awo a kwana na 3 zuwa 5. A gaya wa mai yi mata wanka cewa ciwon kai mai tsanani ko ganin walƙiya har zuwa arba'in na asibiti ne a ranar, ba na hayaƙi ba.

Sista Rabi: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Sista Hadiza, don Allah ki sake turo haɗin magnesiyam ɗin shi kaɗai, a maƙala shi a saman zaure.